Tanzaniya: Daga Gonakin Kanumfari Zuwa Ƙauyukan Ujamaa

Duk macen da ta taɓa daka yaji, ko ta haɗa kayan ƙamshin fura da kunun zaƙi, ta san kanumfari, kazalika duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci har wata tsohuwa ta miƙa masa ƙwaya ɗaya ta ce ya danne da ita; amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar inda wannan ɗan baƙin tsinke mai kama da ƙusa yake fitowa, alhali kuwa itacensa ba ya tsira a ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maluku ne na ƙasar Indunusiya, sunansa kuma daga Larabci muka aro shi, watau ƙaranful, wanda mutanen gaɓar gabashin Afirka su ma suka ara suka mai da shi karafuu. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har zuwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, mafi yawan kanumfarin da ake ci a duniya daga wasu tsibirai biyu yake fitowa, Unguja da Pemba, waɗanda a haɗe ake kiransu Zanzibar, suna cikin Tekun Indiya daura da ƙasar da a da ake ce mata Tanganyika. Waɗannan tsibirai da wannan babbar ƙasa su ne aka ɗinke a 1964 aka sami Tanzaniya.

Ƙasa ce da ta ɗan ɗara Nijeriya girma, domin faɗinta ya kai murabba'in kilomita 945,000, amma mutanenta, bisa ga ƙidayar 2022, miliyan 61.7 ne kawai. A cikinta akwai ƙabilu fiye da 120, da Musulmi da Kirista masu yawan gaske kowane ɓangare, ga shi kuma tana maƙwabtaka da Ruwanda da Burundi da Kwango da Yuganda da Mozambik, waɗanda babu ɗaya cikinsu da ba ta ɗanɗana yaƙin basasa ba. Duk da haka nan, tun daga ranar da aka haɗa ta har yau, soja bai taɓa karɓar mulkinta ba, ba ta kuma taɓa faɗawa yaƙin basasa na ƙabilanci ba. Wanda ya fito daga ƙasa irin tamu, la budda ya tsaya ya nemi sababin wannan al'amari, kuma a ganina sababin farko yana bakin mutanen ne, watau harshensu.

Sunan harshen, Suwahili, daga kalmar Larabci sawahil ya samo asali, jam'in sahil, ma'ana gaɓa. Ita ce dai kalmar da ake kiran yankinmu da ita a ce Sahel, mu gaɓar hamada, su gaɓar teku. Kamar yadda raƙumi ya kawo mana littafi da gishiri da malamai daga arewa, haka su kuma iska ta kawo musu, domin a Tekun Indiya akwai iskar da take busowa daga arewa maso gabas watanni, mai suna kaskazi, wadda take turo jiragen ruwa daga Oman da Yaman da Farisa da Indiya, sa'an nan ta juya ta zama kusi ta mai da su gida. Tsakanin zuwa da komawa baƙi suka zauna, suka yi aure, suka gina masallatai. A garin Kizimkazi na Unguja akwai masallaci mai rubutun da yake nuna shekarar 500 ta Hijira, watau 1107, Ibn Baɗuɗa kuma, wanda daga baya ya ratsa Mali da Takedda, ya sauka birnin Kilwa a 1331 ya yaba kyawunsa. Harshen da ya fito daga wannan cuɗanya, ƙashin bayansa da nahawunsa na Afirka ne tsantsa, amma ya sha Larabci kamar yadda Hausa ta sha, an kuma daɗe ana rubuta shi da ajami. Wani abin ban sha'awa ga mai nazarin lugga shi ne, mu mun haɗiye alif da lam na Larabci tare da kalmar, su kuwa galibi sun yar da su: mu ce labari su ce habari, mu ce lafiya su ce afya, mu ce ladabi su ce adabu, mu ce lokaci su ce wakati. Malami kuma a wurinsu mwalimu ne. A fiƙihu dai mun rabu, don mutanen gaɓa Shafi'awa ne, Larabawan Oman da suka mallake su kuwa Ibadawa.

Waɗannan Larabawan Oman su ne suka mai da Zanzibar gonar kanumfari. Sayyid Sa'id bin Sulɗan, da ya ga albarkar ƙasar tsibirin da kyawun mashigin jiragensa, sai ya taso da fadarsa daga Maskat ya zauna a can wajen 1840, an kuma ruwaito cewa ya umurci masu gonaki su dasa itacen kanumfari uku a madadin kowace bishiyar kwakwa ɗaya. To, amma kanumfari abu ne mai cin hannu, domin dole a hau bishiya a tsinke furensa tun bai buɗe ba, a ware shi daga tsinkensa, a shanya shi kwanaki a kan tabarma, duk cikin ɗan taƙaitaccen lokaci. Hannuwan da suka yi wannan aiki kuwa na bayi ne. Ayari yana tashi daga Bagamoyo ya bi ta Tabora har Ujiji a bakin tafkin Tanganyika, ya wuce cikin Kwango, ya komo da hauren giwa da mutane, fatake irin su Hamad bin Muhammad, wanda aka fi sani da Tippu Tip, suka zama kamar sarakuna a cikin daji. Sai a 1873 Sarki Bargash, bisa matsin Ingilishi, ya rufe kasuwar bayi ta Zanzibar, sai kuma 1897 aka soke bautar a shari'ar tsibirin. Amma 'yanta bawa bai ba shi gona ba. Jikokin bayi suka ci gaba da zama a gonakin jikokin iyayengijinsu suna tsinkar musu kanumfari, wannan miki kuwa bai warke ba har ya fashe bayan shekara sittin da wani abu. Ayarin nan dai, da alherinsa da sharrinsa, shi ne ya fara kai harshen Suwahili can cikin ƙasa.

Babbar ƙasa ta faɗa hannun Jamusawa daga 1884, Zanzibar kuwa ta shiga ƙarƙashin kariyar Ingila a 1890, har a 1896, da wani ɗan sarki ya hau gadon sarauta ba da yardarsu ba, jiragen yaƙinsu suka rushe fadar cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Jamusawa ba su sami ƙasar a ɓagas ba. Mkwawa, sarkin ƙabilar Hehe, ya karkashe rundunarsu a Lugalo a 1891, ya yi ta wasan ɓuya da su shekara bakwai, da ya ga babu makawa a 1898 sai ya kashe kansa don kada a kama shi, suka yanke kansa suka tafi da shi Jamus, ba a dawo da ƙoƙon ba sai 1954. Mafi girman fitina ita ce ta 1905, sa'ad da aka tilasta wa mutanen kudu noman auduga a gonakin hukuma bisa lada da bai taka kara ya karya ba. Wani boka mai suna Kinjikitile ya raba musu ruwa ya ce zai mai da harsashi ruwa, da yake kuma ruwa a harshensu maji ne, sai aka kira yaƙin Maji Maji. Ƙabilu masu yawa waɗanda ba su taɓa haɗa kai ba suka tashi tare, Jamusawa kuwa suka ƙone gonaki da rumbuna, yunwa ta gama abin da bindiga ta fara, masana tarihi suna ƙiyasta waɗanda suka halaka tsakanin 75,000 da 300,000. Mai karatu zai tuna cewa a daidai wannan lokaci, cikin 1906, mutanen Satiru kusa da Sakkwato suka tunkari igwar Ingilishi da gatari da fartanya, suka gamu da irin wannan ƙaddara. Su Jamusawa, da yake ba su da isassun ma'aikata, sai suka riƙa naɗa mutanen gaɓa masu karatu a matsayin liwali da akida su mallaki ƙauyukan cikin ƙasa da harshen Suwahili, ta haka suka shimfiɗa wa harshen hanya ba da niyyar alheri ba.

Daga nan tarihin ƙasar ya riƙa gogayya da namu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an kwashi rundunar sojan Nijeriya, da yawansu Hausawa, aka sauke su a Darussalam a ƙarshen 1916 don su fafari kwamandan Jamus von Lettow-Vorbeck, a yaƙin Mahiwa kuma na watan Oktoban 1917 suka yi asarar rayuka mai yawa, ban da waɗanda yunwa da zazzaɓi suka kwashe a fadamun kogin Rufiji. Bayan yaƙi aka ba Ingila riƙon amanar ƙasar, aka sa mata suna Tanganyika, a 1925 kuma aka aiko mata gwamna daga Nijeriya, Sir Donald Cameron, wanda ya zo da tsarin mulki ta hannun sarakuna da baitulmali da kotunan gargajiya. Sai dai inda Gwamna Lugga ya tarar a ƙasarmu da daular Usmaniyya da alƙalanta da littattafan harajinta, Cameron a wurare da dama bai tarar da sarki ba sam, sai da aka ƙirƙiro shi. Bayan Yaƙi na Biyu, a 1947, gwamnatin Ingila, da take cikin ƙarancin man girki, ta ƙudura noman gyaɗa a miliyoyin eka a Kongwa da Urambo da Nachingwea, aka kawo katafiloli da tsoffin tankokin yaƙi da aka mai da su taraktoci, ana jan sarƙa tsakanin biyu don tumɓuke daji. Ashe ruwan wurin bai isa ba, ƙasar kuma idan ta bushe kamar dutse take. Aka narkar da fiye da fam miliyan 30, aka watsar da aikin a 1951, a daidai lokacin da manomin Kano da Katsina, da fartanyarsa da jakinsa, yake tara dalar gyaɗa ba tare da an kawo masa ko sarƙa ɗaya ba.

Mutumin da ya karɓi ƙasar daga hannun Ingilishi malamin makaranta ne, Julius Kambarage Nyerere, wanda aka haifa a Butiama a 1922, ɗan wani ƙaramin sarki na ƙabilar Zanaki, ɗaya daga cikin ƙananan ƙabilun ƙasar, ya yi karatu a Makerere da Edinbara, kuma har ya mutu mutanensa Mwalimu suke ce masa. Shi Kirista ne ɗan ɗariƙar Katolika, amma waɗanda suka riƙe shi a Darussalam sa'ad da aka kafa jam'iyyar TANU ranar 7 ga Yuli 1954 galibinsu Musulmin birni ne, irin su Abdulwahid Sykes, da Bibi Titi Mohammed wadda ta tara masa mata gida-gida. Ƙanƙantar ƙabilarsa ta zame masa fa'ida, don babu mai tsoron Zanaki za su danne kowa, babbar ƙabilar ƙasar ma, Sukuma, ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'a ba. Harshen Suwahili kuwa ya zame masa doki, yana yawo ƙasa duka yana magana da talakawa kusan ko'ina ba tafinta. Aka sami mulkin kai ranar 9 ga Disamba 1961 ba tare da an zubar da jini ba, a 1963 kuma aka soke ikon sarakunan da Cameron ya kafa, abin da a wurinmu da ya girgiza ƙasa, a can kuwa ya wuce kusan shiru.

A Zanzibar al'amarin ya sha bamban. A zaɓen 1963 jam'iyyar Afro-Shirazi ta Abeid Karume, wadda baƙaƙen tsibirin suka fi bi, ta sami kashi 54 cikin ɗari na ƙuri'u amma kujeru 13 kacal daga cikin 31, Ingilishi kuma suka miƙa mulki ga Sarki Jamshid da jam'iyyun da suke tare da shi ranar 10 ga Disamba. Bayan wata ɗaya, daren 12 ga Janairu 1964, wasu 'yan ɗaruruwan mutane ƙarƙashin wani ɗan Yuganda mai suna John Okello suka fasa ma'ajiyar makaman 'yan sanda, kafin rana ta faɗi sarki ya tsere ta teku. Abin da ya biyo baya kisa ne na Larabawa da Indiyawa, dubbai suka mutu, wasu dubbai aka loda su a jirage zuwa Oman. Cikin samarin da suka bar tsibirin a shekarun da suka biyo akwai Abdulrazak Gurnah, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero ta Kano a farkon shekarun 1980, ya kuma sami kyautar Nobel ta adabi a 2021. Mako ɗaya bayan juyin Zanzibar sojan Tanganyika su ma suka yi bore, har Nyerere ya ɓuya, ya nemi taimakon sojan Ingila, daga baya bataliyar Nijeriya ta karɓe su har aka kafa sabuwar runduna wadda aka ɗaure ta tamau da jam'iyya. A cikin wannan firgici ne, ga kuma manyan daulolin duniya suna zuba ido kan tsibirin, Nyerere da Karume suka ƙulla tarayya ranar 26 ga Afrilu 1964, cikin sirri da gaggawa, ba tare da an tambayi jama'ar ko ɗaya daga ƙasashen biyu ba. (Mu kuma ba mu manta ba cewa Tanzaniya ce ƙasa ta farko da ta amince da Biyafara, a watan Afrilun 1968, shekara huɗu bayan sojanmu sun tsare mata gida.)

Ranar 5 ga Fabrairu 1967 Nyerere ya shelanta abin da ake kira Ƙudurin Arusha, wanda ya ginu kan kalmomi biyu, ujamaa da kujitegemea. Ta farko tushenta ɗaya da kalmarmu ta jama'a, ma'anarta zumunta irin ta dangi. Ta biyu kuwa dogaro da kai. Hujjarsa ita ce matalauciyar ƙasa ba ta yaƙi talauci da kuɗi, tun da kuɗin ne ba ta da shi, sai da ƙasa da mutane da aiki. Aka mai da bankuna da manyan kamfanoni da gonakin sisal hannun hukuma, aka kuma ɗora wa shugabanni sharuɗɗa masu tsanani: babu albashi biyu, babu hannun jari a kamfani, babu gidan haya. Haƙiƙa shi kansa ya tsaya kan wannan zuhudu, ya rage albashinsa, ya sauka daga mulki bai tara dukiya ba, wannan kuwa ko maƙiyansa sun shaida.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne ƙauye. Manoman Tanzaniya da yawa a warwatse suke zaune, kowa a tsakiyar gonarsa, Mwalimu kuwa ya ga cewa ba a iya kai makaranta da asibiti da famfo gida-gida a daji, sai an tara mutane wuri ɗaya su yi noma tare. Magana ce wadda hankali yake karɓa, da farko kuma ya ce da yardar rai za a yi. Akwai ma wasu manoma a lardin Ruvuma da suka kafa irin waɗannan ƙauyuka da kansu, suka yi makarantarsu da injin niƙansu, suna yanke shawararsu a dandali; amma a 1969 manyan jam'iyya suka rushe ƙungiyarsu, laifinta kawai ba ta ƙarƙashin ikonsu. A nan ne, ina gani, illar ta bayyana tun kafin a yi nisa. Da aka ga mutane ba su taho ba, a ƙarshen 1973 Nyerere ya ce zama a ƙauye umurni ne, daga nan zuwa 1976 aka kwashe miliyoyin mutane a manyan motoci, a wurare da dama aka yaye rufin gidaje ko aka cinna musu wuta don kada a koma, aka jera su bakin hanya a filayen da ma'aikaci ya zaɓa don sauƙin zuwan motarsa, ba don kyawun ƙasar ba. Manomin da aka raba da bishiyoyin yazawarsa da tafiyar sa'o'i ya daina kula da su, amfanin yazawa da ya kai wajen tan 145,000 a 1974 ya faɗi ƙasa da 20,000 a tsakiyar shekarun 1980. Sisal kuma, tsiron nan mai kama da kabar giwa da ake igiya da zarensa, wanda ƙasar take fitar da fiye da tan 200,000 a 1964, ya zube haka nan. A 1976 aka soke ƙungiyoyin gama kai na manoma, har da na masu gahawa na gindin dutsen Kilimanjaro waɗanda suka kafu tun shekarun 1930, aka maye gurbinsu da hukumomin sayen amfanin gona masu yanka wa manomi farashi su kuma jinkirta biyansa. Wanda ya san zamanin hukumar gyaɗa da auduga a ƙasarmu ba ya bukatar sharhi.

A yi adalci, masifu ma sun taru daga waje: fari na 1973 da 1974, da tsadar man fetur, da wargajewar Tarayyar Gabashin Afirka a 1977, sa'an nan Idi Amin ya mamaye yankin Kagera a watan Oktoban 1978, Tanzaniya ta kore shi har ta shiga Kamfala ranar 11 ga Afrilu 1979, yaƙin da ya ci mata kimanin dala miliyan 500 ba wanda ya taya ta biya. Ga kuma nauyin masu gwagwarmayar Mozambik da Zimbabwe da Afirka ta Kudu da ta ɗauka, a cikin wannan gwagwarmaya ne kuma ƙasar Sin ta gina mata layin dogo na TAZARA mai tsawon kilomita 1,860 zuwa Zambiya tsakanin 1970 da 1975. Zuwa farkon shekarun 1980 sabulu da sukari da gishiri sai an bi layi, kantunan hukuma babu komai. A 1985 Mwalimu ya sauka da kansa, abin da ba a saba gani ba a Afirka ta wancan zamani, bai kuma ɓoye cewa tattalin arziki ya gagare shi ba.

Amma fa ba hannu wofi ya sauka ba. Shi da kansa ya sha faɗa cewa Turawa sun bar masa injiniyoyi 2 da likitoci 12 da jama'ar da mafi yawanta ba ta karatu. Kafin ya tafi kusan kowane ƙauye yana da makarantar firamare, ana koyarwa da Suwahili, manya kuma suna yaƙi da jahilci da yamma. Ɗalibin sakandare a kan tura shi lardin da ba nasa ba, ma'aikaci haka, wanda ya gama karatu kuma ya shiga bautar ƙasa a sansani ɗaya da ɗan kowa. Tun bayan ƙidayar 1967 ba a sake tambayar mutum ƙabilarsa ko addininsa a ƙidaya ba. Suna kuma da al'adar utani, wasan barkwanci tsakanin ƙabilun da suka taɓa yaƙi da juna kamar Hehe da Ngoni, tamkar na Fulani da Barebari a wurinmu. Abin lura shi ne harshen nan ba a kai shi ƙauye a bayan mota ba, ya riga gwamnati isa bakin mutane da shekara ɗari, ba kuma mallakar wata babbar ƙabila ba ne balle a ƙi shi don kishi. Hukuma ta tarar da shuka ta yi mata ban ruwa. Sai dai wannan haɗin kai yana da farashinsa: jam'iyya ɗaya tun 1965, da dokar tsare mutum ba shari'a, har Bibi Titi kanta aka ɗaure ta bisa tuhumar cin amanar ƙasa. Musulmi kuma suna da ƙorafinsu, tun daga rushe ƙungiyarsu ta gabashin Afirka a 1968 aka kafa BAKWATA mai kusanci da gwamnati, zuwa rashin kotunan alƙalai na hukuma a babbar ƙasa alhali Zanzibar tana da su, ko da yake shugabanci ya yi ta zagawa tsakanin Kirista da Musulmi ba tare da an rubuta haka a doka ba.

Ali Hassan Mwinyi, wanda ya gaji Nyerere, ya sasanta da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1986, ya buɗe ƙofar kasuwanci, har mutane suka yi masa laƙabi da dattijon ruksa, watau rukhsa ta malaman fiƙihu, don ya halatta abin da a da aka hana. Gwanjo ya cika kasuwa, ƙananan motocin haya da ake kira daladala suka cika Darussalam, cin hanci kuma ya shigo ta ƙofar da aka buɗe. Yau zinariyar Geita da Bulyanhulu da Mara ita ce kan gaba a kayan da ƙasar take fitarwa, ga dutsen tanzanait da ba a samunsa ko'ina a duniya sai Mererani, ga iskar gas a kudu inda Dangote ya kafa masana'antar siminti a Mtwara a 2015, ga masu yawon buɗe ido da suke tururuwa zuwa Serengeti da Kilimanjaro, waɗanda dominsu ake takura wa makiyayan Masai a Loliondo da Ngorongoro. An gina madatsar lantarki mai megawat 2,115 a kan Rufiji, jirgin ƙasa mai lantarki ya fara zirga-zirga tsakanin Darussalam da Dodoma, babban birni, a 2024, Bankin Duniya kuma ya fitar da ƙasar daga sahun mafi talauci a 2020. Duk da haka wajen kashi biyu cikin uku na masu aiki har yanzu noma suke yi, galibi da fartanya, abincinsu ugali, wanda ba kome ba ne illa tuwon masara.

An halatta jam'iyyu a 1992, amma CCM, wadda aka samu daga haɗe TANU da Afro-Shirazi a 1977, ba ta taɓa faɗuwa ba, daga Mkapa zuwa Kikwete zuwa Magufuli, wanda ya yi ayyuka da ƙarfin tsiya ya kuma toshe bakin jaridu da 'yan hamayya. Da ya rasu a watan Maris na 2021 mataimakiyarsa Samia Suluhu Hassan, 'yar Zanzibar, ta hau, aka yi tsammanin sassauci, aka kuma ɗan gan shi. Amma a zaɓen Oktoban 2025 madugun hamayya Tundu Lissu yana kurkuku bisa tuhumar cin amanar ƙasa, jam'iyyarsa ba ta cikin takara, aka ce shugabar ta sami fiye da kashi 97 cikin ɗari, matasa suka fito tituna, jami'an tsaro suka buɗe musu wuta, aka yi asarar rayuka irin wadda babbar ƙasa ba ta taɓa gani ba tun samun mulkin kai. Waɗanda suka fito ɗin ba da sunan ƙabila ko addini suka fito ba, da harshe ɗaya suke kuka da jam'iyya ɗaya.

Mutanen tsibiri kuwa sun daɗe da sanin wannan ɗaci. Ɗinkin 1964 ya bar Zanzibar da shugabanta da majalisarta da kotunanta, Tanganyika kuwa ta narke cikin gwamnatin tarayya, al'amuran tarayya da aka fara da 11 suka ƙaru zuwa 22, kowane ɓangare yana ganin shi aka ƙwara. Shugaban Zanzibar Aboud Jumbe ya rasa kujerarsa a 1984 don ya nemi a yi gwamnatoci uku, hukumar tsarin mulki ta alƙali Warioba ta sake kawo shawarar bayan shekara talatin aka ajiye ta. Kusan kowane zaɓe tun 1995 da rigima yake ƙarewa, mafi muni na Janairun 2001, sa'ad da aka harbe mutane fiye da 30, galibi a Pemba, wasu kimanin 2,000 suka tsallaka Kenya a kwale-kwale. Pemba ɗin nan kuwa ita ce uwar kanumfari tun da guguwar 1872 ta karya itatuwan Unguja, ita ce kuma cibiyar hamayya, ita aka bari a baya wajen hanya da asibiti. Indunusiya da Madagaskar sun daɗe da shige ta a kasuwar duniya, Unguja ta koma ga otal-otal da baƙi fiye da rabin miliyan a shekara, matan ƙauyukan gaɓa sun kama noman ciyawar teku. Amma idan kaka ta yi a Pemba har yanzu samari suna hawa bishiyoyin da wasunsu sun girmi kakanninsu, ana shimfiɗa tabarmi a bakin titi daga Wete zuwa Mkoani, ƙamshi ya cika gari. Idan ya bushe kuma doka ba ta yarda manomi ya sayar wa kowa ba sai kamfanin ciniki na gwamnatin Zanzibar, wanda ya ga farashin bai yi masa ba kuwa sai ya jira dare mara farin wata, ya loda buhunansa a jirgi, ya nufi gaɓar Kenya.